In ce wa ƙanena ya dawo gida, ko in bar shi da kiran da ya ce an yi masa?

Yayar Mai Bishara:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa tofa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, mai bishara ne a Nijar, a wani ƙauye na jihar Maraɗi da ba zan ambaci sunansa ba. A 2018 ya tafi, matarsa na goye da ɗansu na fari. Yanzu yara uku ne, ga ciki na huɗu wata bakwai.

Naira 60,000 ake aika masa a wata, tun ranar da ya tafi ba a ƙara ko sisi ba. A lokacin jikar sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 700 ba, in ya canza yakan samu sama da jika 85. Yau jika ta haura naira 2,000, kuɗin ba ya kai jika 30. Kuma sai a yi wata biyu, wata uku, shiru.

Watan jiya na je na gano su. Ban sanar da su ranar zuwana ba. Ina shiga gida na ga matarsa ta yi wuf ta jawo faifai ta rufe kwano. Da na buɗe, kwaɗon tafasa ne, ƙuli-ƙulin ma sai ka nema. Abincin rana ke nan na mace mai ciki. Bangon ɗakinsu da ruwan daminar 2024 ya ci har yanzu da itace aka tokare shi. Ranar Lahadi muka yi sujada a rumfar kara, na ƙirga mu 11, biyar a ciki mutanen gidansa ne, ni ce ta shida.

Da dare na ce masa ya haɗa kayansa mu koma Katsina. Ya yi murmushi ya ce, Yaya, wanda ya kira ni bai sallame ni ba tukuna. Mahaifiyarmu kuma hawan jini ya sa ta gaba, kullum sai ta tambaye ni ko ya bugo. Ku faɗa mini gaskiya: in na matsa masa ya dawo, na yi jayayya da nufin Allah ke nan?

Uwar Zumunta:
Wayyo 'yata, sannu. Ki bar shi. Wanda ya aike shi ba ya gyangyaɗi. Ki buɗe Irmiya 29:11 ki karanta wa Mama, Allah ya san shirin da yake da shi, na alheri ne. Za mu sa su a addu'a ranar Alhamis a zumunta.

Ɗan Kafur:
Mama, da girmamawa, addu'a ta yi, amma matar nan kwaɗon tafasa take ci. Kuma ayar nan da muke lika ta a bayan mota, mutanen da aka kwashe bauta Babila aka rubuta wa, aka ce musu sai sun yi shekara 70. Yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar can aka binne su. Ban ce ba gaskiya ba ce, na ce ba maganin yunwar yau ba ce.

Abin da ke ba ni haushi: mu muka ɗora masa hannu a gaban ikilisiya, aka yi waƙa, aka ɗauki hoto. Da muka manta da shi sai muka sa wa mantuwar suna nufin Allah.

Uwar Zumunta:
Ɗana, ka iya bakinka. Ni na haifi kamarka.

Ɗan Kafur:
Ki gafarce ni Mama, ba da ke nake ba. Da mu duka nake, har ni.

Ma'ajin Coci:
Bari in yi magana, tunda mu ne ake zagi a fakaice. Shekara tara ina riƙe da littafin kuɗi a ikilisiyarmu, ba ita ta aiki wannan ɗan'uwa ba amma ciwon ɗaya ne. Kuɗin masu bishara ba daga sama yake faɗowa ba, daga kwanon baiko ne, kuma mafi yawan masu sa hannu a kwanon manoma ne. Ku dubi Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa, Ɗandume. Wanda gonarsa ke bakin daji ya bar ta, wanda ya noma sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe. A shekara guda sau huɗu muka yi karo-karon kuɗin fansa a cocinmu. In an zo maka da cewa gobe za a kashe dattijon ikilisiya in ba a cika kuɗi ba, ga kuma ambulan mai bishara a aljihunka, wanne za ka fara? Ga cire tallafin mai na 29 ga Mayu 2023, da sakin naira da aka yi kamar mako biyu bayansa. Buhun taki ya gagari mutane. Ba mugunta ba ce, babu ce.

Ɗan Kafur:
Na yarda da na ƙauye. Na birni fa? Na san cocin da ya cire tayil mai kyau ya sa wani saboda kala. Na san inda kuɗin anko na bikin cika shekara ya isa riƙe masu bishara biyu shekara guda. A nan babu ce ko son zuciya?

Ma'ajin Coci:
Wannan kam ba zan kare shi ba.

Direban Jibiya:
Ni dai ban iya dogon wa'azi ba. Hanyar nan nika bi, Katsina, Jibiya, Magama, Ɗan Isa, Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyaka har Maris 2024, masu bishara da yawa sai ta barauniyar hanya a kan mashin muka riƙa kai masu saƙo. Wani na kai mishi tiya biyar ta masara, babban mutum da furfura, shina riƙe da hannuna shina kuka. Hajiya, au, Yaya, in kina da saƙo ki ba ni, ba ni amsar ko kwabo.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, na karanta tun safe, na ce sai na ci abinci na sha magani kafin in amsa, don jikana ne ke rubuta mini kuma yana makaranta.

A 1982 aka aike ni ƙasar Damagaram, a 2016 na dawo. Shekara biyu da zuwana fari ya faɗo, ga shi gwamnatin soja a nan ta rufe iyaka a Afrilun 1984 saboda canjin kuɗi. Mutanen can har yau El Buhari suke kiran yunwar nan. Kuɗin da ke hannuna tsofaffin takardun naira ne, suka zama ganye. Wata biyar ba wasiƙa, ba aike. Mun ci dusa. A cikin wannan shekara ƙyanda ta ɗauke mana 'yarmu ta biyu, tana da shekara uku. Ni na haƙa kabarin, ni da wani Bamaguje da liman na ƙauyen, don babu Kirista ko ɗaya da zai kama mini. Limamin ne ya kawo farin ƙyalle daga ɗakinsa.

In kin tambaye ni ko Allah yana da nufi a zaman da na yi, zan ce yana da shi, ina tsaye a kan wannan har in mutu. Wurin da muka yi shekara 9 ba mu yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba, yau akwai ikilisiya, fastonta ɗan ƙauyen ne, na san ranar da aka haife shi. To ki daina ƙirga kawuna a rumfar kara. Mutum 11 ba kaɗan ba ne a inda yake.

Amma in kin tambaye ni ko nufin Allah ne yarinyar nan ta mutu, shekara 40 ke nan ina juya maganar ban kai ƙarshenta ba. Abin da na sani shi ne akwai asibitin mishan a Galmi tun 1950, akwai likita a Zinder, kuɗin mota ne ba ni da shi. Da na dawo hutu na shiga ofis, wani babba ya dafa kafaɗata ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Ayuba ne ya faɗi wannan magana a kan 'ya'yansa na cikinsa. Ba wanda ya riƙe masa albashi ne ya faɗa masa ba. Na yafe wa mutumin, ya ma riga mu gidan gaskiya, amma ban taɓa faɗa wa wani mai makoki wannan aya ba tun daga ranar.

Kada ki matsa masa, kada kuma ki yi shiru. Ya ce ba a sallame shi ba, to shi da Ubangijinsa. Amma cikin wata bakwai ba ya jiran a gama muhawara.

Uwar Zumunta:
Baba, ban san kun binne ɗiya a can ba. Allah ya ƙara haƙuri. Jikina ya yi sanyi.

Malamin Sande Sukul:
Baba ya taɓo wani abu da nake so in ƙara a kai, don akwai wani tunani da ya zauna mana a kai, wai duk mai bisharar da ya dawo gida ya sa hannu a garma ya waiwaya. Mu duba tarihinmu. A Disambar 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, wadda ta kama aikin kutare a Babbar Ruga nan bayan garin Katsina a shekarun 1930, wadda kuma ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Da Bingham ya ce komawa gida rashin bangaskiya ne, da kabari uku za a yi, ba biyu ba.

A Littafi ma haka ne. An zura Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu ya gudu. Markus ya bar su Bulus a Bamfiliya ya koma Urushalima, har Bulus da Barnaba suka rabu saboda shi, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin ne ke cewa a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi.

Mai Wa'azin Kasuwa:
Ni ban yarda da inda maganar nan ta nufa ba. Kuna ta neman wa mutum ƙofar gudu. Iliya yana bakin rafi hankaki ke kawo masa gurasa da nama safe da yamma. Allahn Iliya ya mutu ne? Wani Ba'amurke, Jeffery Woodke, an sace shi a Abalak a Oktoban 2016, sai Maris 2023 aka sako shi, sama da shekara shida a hannun 'yan bindiga. Shi ya baro Amurka ya zo. Namu yana nan tafiyar rabin yini daga gidan uwarsa, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, don an yi jinkirin albashi sai a ce ya dawo? Aikin Allah ba aikin gwamnati ba ne. Gicciye aka ce mu ɗauka, ba katifa ba.

Ɗan Kafur:
Malam, ka karasa surar mana. Rafin ya ƙafe, Allah ya ce wa Iliya tashi ka tafi Zarefat. Bai ce zauna ka lashi yashi ba. Kuma can ma mace ce mai ɗan gari a tukunya ta ciyar da shi. Nawa ka aika wa wani mai bishara bana?

Mai Wa'azin Kasuwa:
Abin da hannun dama ya bayar hagu ba ya sani.

Ɗan Kafur:
To, mun ji.

Mai Kula da Zaure:
Ku biyun nan ku sassauta. Ba a tambayar mutum baikonsa a bainar jama'a, ba a kuma yi wa mai ciki wa'azin katifa. A koma kan tambayar 'yar'uwarmu.

Ɗiyar Mai Bishara:
Ina so in amsa wa Malam a kan wai harshe ɗaya, tuwo ɗaya. A can aka haife ni, shekarata 14 muka dawo. Gaskiya ne mutanen Maraɗi Katsinawa ne, kakanninsu daga nan suka tashi bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Amma ka je ka zauna ka gani. Jandarma ya tare ka ya nemi takarda da Faransanci. A kasuwa a ce maka dala ashirin, kai kana lissafin ashirin, ashe sefa 100 ake nufi. Ka je likita, wato asibiti, a rubuta maka takardar magani ka fita ka saya da sefa, kai kuwa naira ake aiko maka. In an yi rigima tsakanin gwamnatoci, kai ne ɗan Najeriya a bakin kowa. Kusa da gida ne a taswira kawai.

Mu yara kuma babu wanda ya taɓa tambayarmu. Na yi lakwal har aji shida da Faransanci, aka kawo ni Funtuwa aka mayar da ni aji uku na firamare saboda ba na jin Turanci. Ina 'yar budurwa ina zaune da yara 'yan shekara takwas. Ranar farko na ɗaga hannu na ce mushe, yadda muke kiran malami da Faransanci, aji ya fashe da dariya, sunan ya bi ni har na gama sakandare. Yanzu ina dariyarsa, lokacin kuwa a bayan aji nake cin abincina ni kaɗai.

Ban ƙi aikin mahaifina ba. Ranar jana'izarsa mota biyu suka zo daga can, har da Musulmi, wani tsoho ya ce mahaifina ne ya koya masa karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya ce bai bi addininsa ba amma bai taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba. Ina alfahari da shi. Amma mahaifiyata fa? Shi aka kira, ita aka ce ta bi. Ita ta san yadda ake raba tiya guda kwana huɗu. Ba a taɓa kiranta gaban ikilisiya an ce ta ba da shaida ba.

Yaya, tun safe ake ta cewa ƙanenki, ƙanenki. Matar da ta rufe kwano da faifai, kin zauna da ita ku biyu kin tambaye ta abin da take so?

Yayar Mai Bishara:
Ƙanwata, kin kama ni. Kwana uku na yi a gidan, ban tambaye ta ba. Na yi ta yi mata sannu ne kawai.

Uwar Zumunta:
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma mu ma mun yi sake. Mukan aika wa matan masu bishara atamfa da sabulu lokacin Kirsimeti mu ce mun yi. Ki kira ta, ba a wayar mijin ba in da hali.

Malamin Gona:
Kafin ta dawo da amsa, bari in kawo wani abu daga fannina, don a jihar Maraɗin aka yi shi. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, SIM ta kawo shi a farkon shekarun 1980 don dashen itatuwa. Ya yi ta dasawa suna mutuwa, rana ta ƙone, awaki su cinye, har ya kusa haƙura. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Sai aka koma barin reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Shi ne manoman can ke kira sassaben zamani. Yau miliyoyin kadada a kudancin Nijar sun farfaɗo ta wannan hanya, har aka ba shi wata babbar lambar yabo a Suwidin a 2018.

Abin da ya sa na kawo shi: mutumin bai gudu ba, amma kuma bai ci gaba da dasa abin da ke mutuwa yana cewa nufin Allah ne ba. Ya sake dabara. Ƙanenki yana da gona a can? Yana da sana'a? Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da matarsa.

Yayar Mai Bishara:
Mai gari ya ba shi aron gona, gero da wake yake yi, bara ruwa ya kwashe rabi. Ya iya gyaran famfon burtsatse, a makarantar koyon sana'a ya koya kafin ya shiga makarantar Littafi. Amma an ce musu kada su haɗa aikin bishara da neman kuɗi.

Ma'ajin Coci:
Wannan doka ta yi ma'ana lokacin da ake biya a kan kari. Wanda bai cika tukunya ba ba shi da bakin hana a je rafi. In hukumarsa na da kunne, a rubuta mata. Ni zan taya rubutawa, na san irin harshen da suke ji.

Mai Wa'azin Kasuwa:
Daga gyaran famfo sai shago, daga shago sai a nemi mai bishara a rasa. Mun ga irinsu.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana mai wa'azi, gaskiyarka, mun ga irinsu. Mun kuma ga waɗanda yunwa ta kora suka bar aikin da bangaskiyar gaba ɗaya, su ba a ba da labarinsu a taro. Ni da allurar shanu na shiga rugagen da wa'azi bai taɓa shigar da ni ba.

Kuma tunda ka ambaci haɗari, ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ina cikin Zinder aka fara ƙona coci-coci saboda zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, washegari abin ya koma Yamai, aƙalla mutum 10 suka mutu. Maƙwabcina Alhaji ne ya shigar da mu cikin gidansa wajen matansa, ya zauna a ƙofar zaure da carbinsa har dare. Bayan kwana biyu na sa matata da jikoki a mota suka taho Daura ta Kwangwalam, ni na zauna. Babu wanda ya ce mini na rasa bangaskiya, in ma an faɗa ban ji ba. Zaman miji daban, zaman iyali daban. Ba dole a yanke su da wuƙa ɗaya ba.

Yayar Mai Bishara:
Na dawo. Na same ta ta wayar wata maƙwabciyarta, sai da ta fita bayan gari inda sabis ke kamawa. Mun fi minti 40, katina ya ƙare na sake sawa.

Da farko lafiya lau kawai take ce mini. Da na ce ba ƙanena ya sa ni ba, ni da ita ne, sai ta yi shiru, can na ji tana kuka. Ta ce tun cikin nan na wata uku take jin jiri, ƙafafunta sun kumbura, unguwarzoma ta ce jininta ya yi ƙasa. Tana so ta zo gida ta haihu, ta yi arba'in a wajen Mama, ta huta har bayan girbi. Tana so babban yaron ya zauna wajena ya shiga makaranta a Katsina tun bai yi nisa ba. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa mijin ba, tana tsoron a ce ita ce matar da ta kashe aikin Allah.

Sai na ce to ku dawo gaba ɗaya mana. Wallahi, ku gafarce ni da rantsuwa, amsar da ta ba ni ban zata ba. Ta ce a'a. Akwai mata huɗu da take koya wa karatu da yamma a tsakar gida, ɗaya ta fara haɗa baƙi, ta karanta sunan ɗanta a katin rigakafi da kanta. Ta ce ita ma an kira ta, ba rakiya ta je ba, hutu take nema ba sallama ba. Abin da ta roƙa kawai, in da hali a samo mata keken ɗinki ko na hannu ne, ta daina jiran ƙarshen wata.

Ni da na je da niyyar kwaso su, yanzu ban san ma me zan ce wa Mama ba.

Ɗiyar Mai Bishara:
Ki ce mata surukarta na zuwa wankan jego, ta tanadi itace da kanwa. Wannan kaɗai zai sauke mata jini. Yaron kuma ki kawo mini shi duk Asabar in yi masa Turanci, ni na san inda abin ke ciwo. Kada a mayar da shi baya aji fiye da ɗaya, ki tsaya a kan haka.

Uwar Zumunta:
Akwai keke Butterfly a ɗakina tun na aurena, ido ya hana ni ɗinki. Sai an sa masa mai da sabon bel. Ranar Alhamis kuma ba addu'a kaɗai za mu yi ba, kowace mace ta zo da tiya guda. Ɗan Kafur, ka ji ko?

Ɗan Kafur:
Na ji Mama, na kuma sunkuya. Bel da mai a wuyana. Amma ina nan a kan bakana game da masu tayil.

Mai Wa'azin Kasuwa:
Ni ma ina nan a kan nawa: shi kada ya motsa daga wurin. Yaya, ki turo mini lambar asusunki ta gefe.

Ma'ajin Coci:
Wasiƙar fa? Ina bukatar watannin da ba a biya ba, ɗaya bayan ɗaya, da kwanan wata. Kada a rubuta da fushi, a rubuta da lissafi. Kuma sai da yardarsa, kada mu ja masa abin da bai nema ba.

Yayar Mai Bishara:
Ban faɗa masa komai ba tukuna, ita ta ce a bari ta fara yi masa magana da kanta daren yau. Na san halinsa, zai iya cewa mun kai ƙararsa duniya. Baba, in ya ƙi ji, za ku yi masa magana? Yana jin nauyinku.

Baba Mai Ritaya:
Ki ba shi lambata, shi ya kira. Ba zan ce masa zauna ba, ba zan ce masa taho ba. Zan ba shi labarin 1984 ne, wanda ban taɓa ba shi ba.

Direban Jibiya:
Talata nika shiga in Allah ya kai mu. Keken a kwance kanshi daga ƙafa a naɗe da bargo, in ba haka ba 'yan kwastan su ce sabo ne. Ita kau mai cikin gidan gaba zan ba ta a dawowa, amma ta fito bakin kwalta tun ƙarfe bakwai da takardunta da na yaran, don ba ni bin hanyar Jibiya bayan la'asar.